Iya Nikaso da Bijimin da Ya Ƙi Sunkuyawa

Kafin masunta su tura kwale-kwalensu cikin teku, Iya Nikaso ta riga ta isa turke. Takan share wurin, ta goge wa bijimi jiki da tsumma, ta duba kofatansa ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa mita kamar mijinta. Daga nan ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta ɓarza sha'ir ɗin da za a watsa a wurin yanka. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan aiki a tsibirinmu. Bana hannunta ya fara rawa, ta ce ta gaji. Ba wanda ya kaɗa mata ko molo, shi ya sa ni Damotimos mahauci, mai riƙe wuƙar yanka duk shekara, na ce sai na yi magana.

Kowa ya san Orsilas, jarumin da ke kwance a kabarin kan tudu. Mawaƙa sun cika mana kunne da shi: wai ubansa ɗaya ne daga cikin alloli, ya kashe mutum ɗari a bakin gaɓa, ya kuma ce kada mace ta taka harabarsa har abada. Don haka mata a bayan dutsen iyaka suke tsayawa, mu maza mu shige. Duk shekara kafin jirage su tashi muna kai masa bijimi. A ajiye kaskon ruwa a gaban dabbar. In ta sunkuyar da kai, ta yarda a yanka ta, jarumi kuma ya karɓa. In ta ƙi, akwai mai laifi a cikinmu, kuma daga kan tsauni ake jefa shi cikin teku.

Abin da mawaƙa ba su sani ba shi ne, bijimi ƙishi ke sunkuyar da shi. Iya Nikaso kan hana shi ruwa tun jajiberi, ta ba shi gishiri ya lasa. Ni da ita kaɗai muka san haka. Ban ce jarumi ba ya ji ba, wataƙila ma shi ya sa mata dabarar a zuciya. Na tsufa yanzu, wanda zai jefa ni saboda na faɗa ya zo.

Shekara shida da suka wuce muka yi sabon sarkin tsafi, Timanor, mutum mai son a gan shi. Ya ce abin kunya ne hannun mace ya riƙa shafa bijimin jarumi. Kwana uku kafin biki ya ƙwace shi, ya damƙa wa mayaƙa. Su kuma don ya yi kyan gani, da safen ranar bikin suka shayar da shi har cikinsa ya yi tulu. Da idona na gani.

Na ajiye kasko. Bijimi ya dube shi, ya kau da kai yana kallon teku. Aka yayyafa masa ruwa a goshi, kunne kawai ya kaɗa. Sau uku ana yi. 

Timanor ya ce, "An ɓata wa jarumi rai. Wa ya ƙazantar da wurin nan?"

Wani daga cikin taro ya ce, "Simale! Shekaranjiya na gan ta ta ƙetare dutse!"

Simale mai takaba ce, mijinta ya nutse a teku ya bar ta da 'ya'ya biyu da awaki. Ta ɗora hannu a ka. "Akuyata ce ta tsinke! Taku uku kawai na yi, na rantse da alloli!"

"Taku uku! Ku ji ta fa, har ƙirgawa ta yi!"

"Ta ci mijinta, yanzu jiragenmu take so ta ci!"

Suka fizge mayafinta, suka ɗaure mata hannu. Ni kuwa ina tsaye da wuƙa, na san gaskiya tas, bakina ya mutu. In na ce ƙishi ne, na ce shekara da shekaru ba jarumi ke amsawa ba, kuma ni za a fara jefawa. Tsoro na ji, ba na ɓoyewa.

Sai muka ji murya daga cikin mata. "Kai Timanor, ranka ya daɗe."

"Mace ba ta magana a nan, tsohuwa."

"Ai ba a nan nake ba, ɗana. Dubi ƙafata, ina bayan dutse."

Wasu suka yi 'yar dariya suka haɗiye ta. Iya Nikaso ta ci gaba. "Ku saki yarinyar nan, laifina ne. Sha'ir ɗin da na niƙa na bara ne, ya yi ƙwari. Wane jarumi zai karɓi hatsi mai ƙwari? Ko mijina da bai taɓa kashe ɓera ba, da ya jefe ni da kwanon. Ku bari in niƙo sabo, bijimi ya fara ci, ya tsaya gaban kabari har inuwar zaitun ɗin can ta taɓa wurin yanka. In ya ƙi sunkuyawa, ni za ku jefa. Ba ni da nauyi ma, ba za ku sha wahalar ɗauka ba."

Timanor ya dubi masu jirage, suka ce a gwada. Iya Nikaso ta tafi ta dawo da kwando, ta miƙo mini ta saman dutse. "Ka ba shi duka, Damotimos. Kada ka yi masa rowa." Na tsoma yatsa na ɗanɗana, rabinsa gishiri ne.

Bijimi ya cinye. Muka zauna jira cikin rana, matan nan biyu a ɗaure a jikin dutsen iyaka, 'ya'yan Simale na kuka a gindinta. Ban taɓa ganin inuwa mai sauri kamar ta ranar ba. Ina kallon bakin bijimi, ba alamar komai, sai kore ƙuda yake da wutsiya. Wani mayaƙi har ya fara gyara igiyar da za a ja su da ita.

Inuwa ta taɓa. Na ɗauko kasko na ajiye a gabansa. Bijimi ya shinshina iska, ya tsaya, ya lashi hanci. Sannan ya saukar da kai har furannin da ke ƙahonsa suka jiƙe. Mata suka rangaɗa guɗar da sai da tsuntsaye suka tashi. Na yanka, ina hawaye.

Kafin wata ya ƙare an yi waƙa: fushin Orsilas, tausayin Orsilas, hikimar Timanor. Na saurara har ƙarshe, ba sunan Iya Nikaso ko sau ɗaya. Da shekara ta zagayo aka mayar mata da bijimi a ɓoye, ba wanda ya ce mata sannu.

Ke ce, Iya Nikaso, mai kwandon gishiri. Ke ce kika tsaya a inda aka ce mata su tsaya, kika yi abin da ya gagari masu mashi da mai wuƙa. Makon jiya na tambaye ki ko kin tabbata zai sha. Kika ce, "Ina fa! Cikin nan nasa cike yake. Ni dai na jira ne in ga ko wani zai yi magana, na ga babu." Kina faɗa kina kallona, ban iya ɗaga ido ba.

Na gode, Iya, a madadin Simale da 'ya'yanta da suka girma da uwarsu. Ku kuma 'yan'uwa, ran da kuka ga an ɗaure wani alhali kun san gaskiya, ku yi irin nata, kada ku yi irin nawa. Shekara shida ke nan Simale tana gaishe ni a kasuwa da fara'a, tana kirana Baba, ba ta san na sani ba. Yau za ta ji.