Iyatu da Daɓen Ɗakin Gishiri

Kakata Iyatu ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma a Garwa ta zamanin Jamus babu mai daɓe kamarta. Wannan labari daga bakin mahaifiyata na ji shi, kuma bisa lissafina a 1911 ya faru.

Ƙanenta Ilyasu ne ke riƙe da makullin sito a kantin wani Bajamushe a bakin kogin Binuwai. Ƙarƙashin kantin akwai ɗakin da ake jibge gishiri, an shafe ƙasansa da siminti tun da daɗewa. Simintin ya tsattsage, ya yi tudu da kwari. Da ruwan farko ya sauka, sai ya tsatso ya kwanta a kwarin, gishirin buhunan da ke ƙasa ya narke. Bajamushen ya ce sakacin Ilyasu ne, in aka kuma, ya ajiye makulli. Sabon siminti kuwa sai jirgi ya zo, jirgi kuma sai kogi ya cika.

"Yaya, ki rufa mini asiri," in ji Ilyasu.

"Tun da ka sami makulli ban ga ƙeyarka ba. Yau na zama Yaya?"

Duk da haka ta je. Ta sauka ɗakin, ta tuttular da ruwa ƙwarya guda, ta tsuguna tana kallon inda ya nufa. Ta sa aka farfasa tsohon simintin, jakuna suka kawo burji daga Pitowa, ta jiƙa ɓawon ɗorawa ya zama makuba. Kwana uku ita da mata shida suna dukan ƙasa da madaɓi, suna yayyafa makuba, har daɓen ya yi baƙi yana sheƙi. Ƙawarta Ƙaltume ta ɗaga gutsuren siminti ta ce, "Wannan ne abin da ake ta yabo? Akurkin kajina ya fi shi."

Bajamushen ya sauko da katakonsa na awo mai ƙwayar ruwa a tsakiya. Ya aza nan, ya aza can, ya hau faɗa.

Tafintan Bajamushen ya ce wa Iyatu, "Ya ce a karkace yake."

"Gaya masa ni na karkata shi."

Ta zuba ruwa a bakin ƙofa. Ruwan ya gangara siriri, bai tsaya ko'ina ba, ya faɗa cikin randar da ta binne har wuya a kusurwa.

Ta ce, "A gefen kogi ba a hana ruwa shigowa, hanya ake ba shi. Ilyasu ya riƙa kwashewa kowace safiya."

Bajamushen ya karɓi ƙwaryar ya zuba da kansa, har sau biyu. Sannan ya saƙala katakonsa a hammata ya haye sama.

Daminar nan gishiri bai jiƙe ba. Da jirgi ya iso da siminti, a barandar kanti aka shafa shi. Makulli kuwa yana ɗamarar Ilyasu har ranar da Jamusawa suka bar Garwa.