Kitsattsen Zaren da Na Kai wa Yayana

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na tilasta wa yayana ya yi fatsa da zarena.

Mu masunta ne a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin madatsar ruwa, kudu da Damazin a ƙasar Sudan. Yayana da tsohon kwalekwalen bagaruwa yake fita, mai nauyin tsiya, zarensa kuma na nailan ne, wanda yake talewa, in kifi ya fi ƙarfinsa ya tsinke. Ni kuwa na sayo jirgin faiba marar nauyi da wani kitsattsen zare siriri, ba ya talewa balle ya tsinke. Sai kaina ya kumbura.

A bakin ruwa, gaban mutane, na ce masa, "Yaya, giwan ruwa nawa sunka tsere maka bana? Shigo jirgina ka jarraba wanga."

Ya murza zaren ya ce, "Kwayis ne, yana da kyau, amma hannuna bai san shi ba."

"Ko dai tsufa ne?"

Aka yi dariya. Kunya ta sa ya shigo.

Mu ba ma fatsa da sanda. A yatsu biyu muke naɗa zare don mu ji motsin kifi, haka muka gada. Ban taɓa tunanin nailan ne kawai yake yafe wannan ba, don shi yakan tale ko ya tsinke kafin ya yanki yatsa.

Da hantsi wani ƙaton giwan ruwa ya haɗiye ƙugiyar yayana. A kwalekwalensa da sai ya zarga zaren a katako, nauyin jirgi ya gajiyar da kifin. Nawa sumul yake, babu wurin zargawa, kifin ya yi ta janmu muna tangaɗi. Zaren ya shaƙe yatsunsa ya nutse cikin nama. Kafin in lalubo wuƙa in yanke, jini ya wanke masa hannu. A asibiti aka cire yatsun biyu.

Bai taɓa zargina ba. "Halas, ya wuce, ƙaddara ce," shi ke nan abin da ya ce, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Bai sake riƙe fatsa ba. Yau ni nake kai kifi gidansa, ya karɓa ya yi mini godiya, godiyar tana ƙona ni.

Tun daga ranar na daina raina kayan aikin wanda ya riga ni shiga ruwa. Na koyi hankali, amma da hannun wani aka biya.