Albasar da na yanka da hannuna

Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. Yau ni dattijo ne mai furfura a Jega, amma lokacin da wannan abu ya soma ni sabon magidanci ne a wani ƙauye kusa da Aliero, zamanin muna cikin Jihar Sakkwato. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu a gandu ɗaya, ni da yayana, kuma shi ke da faɗa a ji. Da damina mu noma gero da dawa, da rani mu gangara fadama mu yi albasa kamar kowa. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni ido da naci, sannan ya haɗa mini da zuciya mai saurin hawa.

Duk manomin albasa ya san ciwonmu. In an cire ta da bazara kasuwa kan cika har a rasa mai tayawa. In kuma ka zuba ta a rudu, rumfar karan nan da muke ajiya a ciki, kafin damina ta yi nisa rabi ta ruɓe, saura ta tsiro. To ni na lura duk shekara akan samu wasu 'yan kawuna da ruɓa ba ta taɓa su. Wuyansu siriri, ɓawonsu ja wur, in ka matsa ka ji tauri kamar goriba. Sai na ce a raina, me zai hana in riƙa fitar da iri daga waɗannan kaɗai, har in sami albasar da za ta ƙetare damina lafiya? Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai ka ajiye kawunan su sha damina, ka zaɓi waɗanda suka tsira ka binne, su yi fure ka karkaɗe iri, wata shekara ka shuka irin, ka sake ajiyewa, ka sake zaɓe. Zagaye ɗaya yakan ci shekara biyu, kuma na yi zagaye bayan zagaye a 'yar gayaunata har 'ya'yana na fari suka fara tasawa.

Dariya kam na sha ta. Abokaina suka laƙaba mini likitan albasa, suna cewa na fi sanin lafiyarta da ta iyalina. Ban damu ba, domin kowane zagaye ruɓar raguwa take yi, ina gani da idona. Na gina wa kawunan irin ɗan rudu nasu daban a bayan ɗakina. Burina shi ne ranar da irin ya kankama in wadata gandunmu, in wadata ƙauyen, mu daina zubar da guminmu a bola. Amma ga wauta ta farko da na yi: ban taɓa zama da yayana na faɗa masa da bakina cewa abin da ke cikin rudun nan ba na taɓawa ba ne. A gidanmu ƙane ba ya buɗe baki ya ce wa yayansa wannan nawa ne, rashin kunya ke nan. Na ɗauka tunda yana ganin wahalar da nake sha ai ya sani.

A shekarar da aikin ya fi kyau, damina ta zo ƙarshe kusan duk kawunan suna nan garau, saura kaɗan in binne su. Sai aka aiko surukina ya rasu a Maiyama. Muka tafi da matata, ita ta riga ni dawowa saboda yara, ni na tsaya taya su karɓar gaisuwa. Ashe a daidai lokacin yayana yana neman a naɗa shi sarkin noman ƙauyenmu, an kuma ba shi shawara ya je ya gaida wani attajiri a unguwar Jega Magaji, cikin garin Jega, wanda ake jin maganarsa. Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, kuma a ƙarshen damina babu tsarabar da ta kai albasa mai kyau, don ko a kasuwar Jega sai ruɓaɓɓiya. Bawan Allah ya buɗe ruduna, ya sa aka ɗaura wa jakuna, ya tafi da aikin shekaruna ya yi gwaninta da shi.

Da na dawo na ga rudun wayam, sai na nufi wurin yayana. Na same shi a zaure yana gyaran fartanya, na tambaye shi cikin ladabi. Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce albasa ce fa, ba zinariya ba, kuma duk abin da ke cikin gandu yana ƙarƙashin ikonsa. Ya tambaye ni ko so nake ya kai wa babban mutum ruɓaɓɓiya a yi mana dariya. Har da cewa in kwantar da hankalina, baɗi ma ai za a noma wata. Wallahi wannan kalma ta baɗi ta fi ɗibar albasar ƙona mini rai, domin ta nuna duk shekarun nan wasan yara yake ɗauka ina yi. Na kai kuka wurin dattawa, kowa ya ce in yi haƙuri, yaya uba ne, kada a ji kanmu a kan kayan miya. A cikinsu duka ba a sami mutum ɗaya da ya juya ya ce masa bai kyauta ba. Ni da aka cuta ni aka yi wa wa'azi. Sarautar kuwa ko ƙamshinta bai ji ba, wani aka ba.

Nan ne zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ranar da ake loda jakunan, matata ta faki ido ta cika ƙwarya da kawuna mafi kyau ta ɓoye a ɗakinta. Da ta ga na dawo daga wurin dattawa ido ya yi ja, sai ta ɗauko ta ajiye a gabana tana murmushi, ta ce ga abin da zan ci gaba da shi. Maimakon in gode mata, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki wuƙa na zauna a tsakar gida, gaban yayana da kowa, na yanka su ɗaya bayan ɗaya, na ce a zuba a miya tunda kayan miya ne, a ci a ƙarasa. Tana roƙona tana riƙe mini hannu, ina fizgewa. A ganina yayana nake ƙuntata wa, shi kuwa ya ci tuwonsa ya sha ruwa ya tashi. Ita ce dai ba ta taɓa abincin ba. Ba a jima ba na kwashe iyalina na koma Jega, na rantse ni da noma har abada, na kama sayar wa dillalan albasa buhunan da babu komai a ciki.

Shekaru suka tura. Wata rana a ƙarshen damina na kai buhuna kasuwar Maiyama, sai na hangi mutane sun yanyame wani mai albasa. Na leƙa, sai ga albasa garau. Wuya siriri, ɓawo ja wur, na ɗauki ɗaya na matsa na ji taurin nan da hannuna bai manta ba. Na tambaye shi inda ya samo irin. Ya ce gadon mahaifinsa ne, wanda ya taɓa yin aiki a gidan wani attajiri a Jega Magaji. Wai wata shekara aka kawo wa maigidan gaisuwar albasa daga wajen Aliero, aka rarraba wa barori, mahaifinsa ya samu 'yan kawunan da ya zubo a hularsa. Da ya ga albasa garau a irin wannan lokaci, sai ya hana a yanka, ya ce wannan akwai wanda ya sha wahala a kanta. Ya kawo gida ya binne, ya ci gaba da zaɓe, yau ga shi har daga nesa ake zuwa neman irinsu. Baran gidan wani ya gane abin da ɗan'uwana na jini ya kasa ganewa. Na sayi ɗan ƙullin iri na sa a aljihu. Da na koma gida na ba matata labari, sai ta ce ai ƙwaryarta ta fi hula girma.

Har gobe ina jin haushin yayana, Allah ya jiƙansa, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya wuce ba. Ina jin haushin manyan da haƙuri kawai suka iya ba wanda aka taka. Ku da Allah ya ɗora a kan na ƙasa da ku, girma bai ba ku damar kwashe abin da yaro ya shekara yana ginawa don ku yi ado da shi a gaban wani ba. Ku tambaya kafin ku taɓa. Ku kuma matasa masu wani buri na nesa, kada kunya ta rufe muku baki, ku faɗa a fili tun da wuri, cikin ladabi, cewa wannan abu rayuwarku ce. In kuma an riga an cuce ku, ku duba abin da ya rage kafin ku huce haushi a kansa. Yayana ya kwashe mini rudu, gaskiya ne, amma ba shi ya riƙe wuƙar ba.

Ƙullin irin nan na shuka shi a ɗan lambun bayan gida, na koma zaɓe daga farko, da gwiwoyin da ba sa son tsuguno. Bana na fitar da kawunan da suka ƙetare damina, na kai wa matata ta ajiye mini. Ta karɓa ta zuba a ƙwarya, ta shige ɗaki da ita, kuma har yau ta ƙi nuna mini inda ta ɓoye.