Leƙen Makaranta Daga Kan Tsani

Mai Fanka ɗalibina ne tun yana ƙaramin yaro, kuma tun a lokacin na lura cewa yatsunsa sun fi idanunsa son karatu. Shi ne ya taɓa sauke agogon bangon ajinmu bayan an fita hutu, ya warware shi a kan tebur, ya mayar da shi, wani ɗan noti ya yi saura a tafin hannunsa. Da na tambaye shi, sai ya ce masu ƙera agogon ne suka yi almubazzaranci. Agogon bai tsaya ba, ni ma ban doke shi ba.

Da ya girma ya koyi aikin lantarki, ya kama shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, a layin masu gyare-gyare. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma ba. Fikafikan fanka na rataye a sama, tsofaffin koyil, wato naɗin wayar cikin fanka, na jibge a kwali, ƙaurin waya da ta ƙone ya kama bango har fenti ya gaji ya bar masa. Idan aka kawo masa fanka, ba ya fara kwance ta. Yakan kunna ta, ya karkata kai, ya saurara, sannan ya ce boris ɗin da take juyawa a kansa ne ya cinye, ko kuwa koyil ya tafi. Har yau yana cewa "fankan nan", ni kuwa ina tuna masa cewa fanka mace ce, sai a ce "fankar nan". Amsarsa ba ta canzawa: "Malam, na buɗe cikinsa ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin shaida ba."

Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma mace ce mai auna magana kamar yadda take auna yadi, ba ragi ba ƙari. 'Ya'yansu biyu. Ƙaramin yana rarrafe. Babbar kuwa, tun da bakinta ya buɗe ba ta bar kowa ya huta ba. Don me ruwa ba ya hawa sama? Don me kaza ba ta fitsari? Don me Malam yake da gashi a kunne? Daga nan sunan Donme ya bi ta, har na yanka ya ɓace, iyayen ma suka koma Baban Donme da Maman Donme.

A shekarar da ta shiga aji uku ne abin ya sauya. An haɗa ta da malamin da yake ɗaukar tambaya a matsayin rashin kunya. Ba duka yake yi ba. Tsayar da yaro yake a gaban allo, ya ce wa aji su kalli wanda ya fi littafi sani. A hankali Donme ta daina ɗaga hannu a makaranta, daga baya ta daina tambaya a gida. Uban ya ce ranar da ya gane, ya baje cikin wata fanka a tsakar gida, da maganaɗisunta da komai, yarinyar ta zo ta tsaya, ta duba, ta wuce ɗaki ba ta ce uffan ba. Ya ce ji ya yi kamar an ɗauke wuta a unguwa.

Ana cikin haka aka shafa jan fenti a bangon shagunan layinsu, alamar za a faɗaɗa titi. Tashi ya zama dole. Sa'ar da ya yi, mutane sun san hannunsa, aiki biyu suka zo masa. Wani babban otal a birni yana neman mai kula da lantarki, da albashi mai kauri. Wani ƙaramin asibiti kuma, a wani gari da motoci ke tsayawa shan mai su wuce, yana neman irinsa, da albashi siriri da gidan ma'aikata mai ɗaki biyu.

Maman Donme ba ta ga abin shawara a nan ba. Yayarta na birni, masu ba da ɗinkin tsada na birni, kuma kusa da otal ɗin akwai makaranta mai doguwar katanga wadda ake cewa 'ya'yanta ba sa faɗuwa jarrabawa. Shi ma ya yarda zai je ya gani. Kafin ya tafi ya biyo ta wurina neman shawara, na ce masa ya fara karanta allon da ke ƙofar kowace makaranta. Idan an raba kalmar da ya kamata a haɗa, ya juya.

"Malam," in ji shi, "da na iya gane wannan, ai da ba a ƙarƙashin bene nake ba."

Ya sa manyan kaya ya tafi. Aka karɓe shi da fara'a, aka zaunar da shi a ofis mai sanyi, aka nuna masa kofunan gasa da hotunan yara sanye da hulunan kammala karatu masu tuntu. Da ya nemi ya leƙa aji ana darasi, sai aka ce doka ta hana. Ya dawo yana cewa ko fanka ba a sayenta a cikin kwali sai an jona ta.

Dabarar da ya yi ita ce wannan. Ya lura a tsawon sana'arsa cewa mutumin da ke kan tsani ba mutum ba ne a idon jama'a. Ana faɗa a gabansa, ana gulma, ana ƙulla aure a warware, babu mai ɗaga kai. Saboda haka ya koma makarantar nan da kayan aiki masu maiƙo, tsani a kafaɗa, testar gwada wuta a bayan kunne, ya ce wa maigadi an turo shi duba fankoki. Maigadi ya buɗe masa ƙofa har da sannu da zuwa. A gida kuwa cewa ya yi kwangila ya samu a makarantu, domin ya san idan Maman Donme ta ji zai rufe shago ya je yin aikin da babu mai biya, za ta ɗinke masa aljihu da zare biyu.

Ya yini yana zaga azuzuwa, yana shafa giris inda ba a buƙata. Ya ce kowane aji tsaf yake, malamai ba sa wasa, allo cike da rubutu, yara suna kwafa, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da ta biro. Wani yaro ya ɗaga hannu, malama ta ce ya ajiye tambayarsa sai ƙarshen darasi. Ƙarshen darasi ya zo tare da ƙararrawa, yaron ya mayar da tambayarsa jaka tare da littafi. Mai Fanka ya ce makaranta ce mai kyau, ba ya musu, sai dai a nan 'yarsa za ta ci jarrabawa da bakinta a rufe.

Bayan wasu kwanaki ya ɗora tsani a kan mota ya nufi garin asibitin. Makarantar can ba ta da katanga sai shingen waya, maigadinta kuma yana gyangyaɗi a ƙarƙashin bishiya, bai ma nemi bayani ba. Mai Fanka ya nemi aji uku ya shiga. Malamar ajin gajera ce, alli ya yi mata fari har gwiwar hannu. Ta dube shi, ta dubi tsanin, ta amsa gaisuwarsa, ta ci gaba da darasi. A tsakiyar silin akwai wata fanka da ƙura ta yi wa riga. Ya kafa tsani, ya hau, ya fara kwance murfi, kunnuwansa na ƙasa.

Bai daɗe ba wata yarinya mai giɓi ta ɗaga hannu.

"Malama, don me mutumin nan yake gyara fankar da ba ta da waya?"

Sai a lokacin ya duba da kyau. Ashe ɗan kwangilar da ya gina wannan ɓangaren ya rataye fankoki ne ya tafi, ba a taɓa jawo wuta zuwa ajin ba. Ko makunni babu a bango. Mutumin da ke gane ciwon fanka da kunne ya hau gyaran wadda ba ta taɓa motsi ba.

Malamar ba ta yi dariya ba, ko da yake ya ce ya ga kumatunta suna kokawa. Ta ajiye alli ta ce, "Tambayar ba tawa ba ce. Ga mai ita can a sama, ku tambaye shi da ladabi."

Daga nan aka yi masa ruwan tambayoyi. Don me fikafikanta uku, ba huɗu ba? Ita take yin iska, ko tura wadda ta tarar take yi? Idan ta juya da baya zafi za ta kawo? Don me ba ta kwance kanta ta faɗo? Ya amsa abin da ya sani yana riƙe da filaya, ya ari takarda ya lanƙwasa ta ya nuna musu yadda fiffike ke yankar iska. Wani yaro a baya ya tambaya, idan iskar fanka ba ta fi ta ɗaki sanyi ba, don me jiki ke jin sanyi? Mai Fanka ya sosa ƙeya ya dubi malama. Ita kuma ta ce, "Ni ma ban tabbatar ba. Kowa ya tambayo a gida, gobe mu haɗa abin da muka samo." Ya ce tun da yake bai taɓa jin malami ya faɗi haka a gaban yara ba. Na tuna masa cewa ni na sha faɗin haka a ajinsu, ya ce wataƙila ranakun ba ya zuwa.

Yana saukowa ya tarar da shugabar makaranta a bakin ƙofa, dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Ta kai shi ofis.

"Wa ya aiko ka?"

"Ranki ya daɗe, hukuma ce."

"Wace hukuma?"

Ya dubi silin, ya ga ita ma fankar ofis ɗin ba ta da laifin da zai fake da shi, sai ya faɗi gaskiya, tun daga jan fenti har zuwa shirun 'yarsa. Shugabar ta saurara har ya gama.

"Iyaye suna zuwa mana ta ƙofa, wasu ta taga," in ji ta. "Kai ne na farko da ya zo ta silin. To, leƙe ba kyauta ba ne. Waya tana nan a sito tun bara, mai ja ne babu. Ka zo ka ja mana ita zuwa ajin nan, ka taho da yarinyar ta zauna ta gani. Idan ba haka ba, zan tashi maigadi daga barci in ce ya kama ɓarawon fanka."

Saura Maman Donme. Bai ce mata ya yanke shawara ba, domin ya san ba a sa mata riga ta ka. Cewa ya yi kwangilar can ba ta ƙare ba, su zo tare ta ga gidan ma'aikatan asibiti, don kada a ce ba a yi wa garin adalci ba. Ta zo, da goyo a baya. Ta ga ɗakuna biyun, ta auna falon da ido, ta ce kekenta kaɗai zai cinye rabinsa. Ta leƙa kasuwa ta ce matan garin nan da alama riga ɗaya suke yi wa ɗinki su gaji juna. Da suka isa makaranta ta riga ta gama hukunci, ta zauna a benci a bayan aji kusa da shugabar, tana fifita da gefen mayafi, tana jiran a gama a tafi.

An zaunar da Donme kusa da yarinyar nan mai giɓi. Uban yana kan tsani yana buga ƙusoshin riƙe waya, yana satar kallonta. Aka koma kan batun iska da gumi, yara suna ta ɗaga hannu, ita kuwa hannayenta na kan cinya. Malama ba ta matsa mata ba. Ya ce a ransa ya fara lissafin cewa ya jawo iyalinsa tafiyar banza, wataƙila abin da ya mutu ya mutu. Can sai ya ga mai giɓi ta karkato tana yi wa 'yarsa raɗa, tana nuna shi da haɓa. Donme ta ɗaga kai ta dube shi. Ta dubi uwarta. Sannan hannunta ya tashi a hankali, kamar mai taɓa ƙarfen da bai gama hucewa ba.

"Baƙuwarmu tana da tambaya," in ji malama.

"Baba," ta ce, "don me ka ce wa Mama kwangila aka ba ka, alhali wannan ta ce kama ka aka yi?"

Shugabar makaranta ta cire tabarau ta shiga goge shi da ƙwazo. Mai Fanka ya buɗe baki, ƙusar da ke tsakanin haƙoransa ta faɗo ƙasa.

Maman Donme ta daina fifita. Ta daɗe tana kallon 'yarta, wadda har yanzu ba ta sauke hannu ba, sannan ta ɗaga ido sama.

"Baban Donme, yarinya ta yi tambaya. Amsa mata mana. Ni ma ina sauraro."

"Amsar tana da tsawo, Maman Donme."

"Ba komai, ai a gida ɗaya muke kwana."

Ta gyara goyonta, ta juya wajen shugabar, ta kama gefen rigar wata ɗaliba da ke kusa ta murza yadin tsakanin yatsu biyu.

"Ranki ya daɗe, a ina ake sayar da wannan yadin? Kuma wa yake yi muku wannan ɗinkin? Dubi wuyan riga kamar an yanka da cokali."

Shugabar ta ce tela ɗaya ne a garin, kuma idonsa ya fara rauni. Maman Donme ta ce to, a gaya masa ya huta.

Shi kuwa Mai Fanka ya ci gaba da buga ƙusa a inda waya ba ta bi ba. Aka tashi daga darasi, yara suka fita, aka share aji, yana nan a sama. Sai da Donme ta zo ta kama ƙafar tsanin ta tambaye shi don me ba ya saukowa.