Ranar da Na Cinye Goron Kifin Birmingham

Na san cikinku akwai masu cewa tsoho ya sha shayi ya ƙoshi ya zauna shara ƙarya. Ku faɗa, baki naku ne. Ni dai na rantse da wanda raina ke hannunsa abin nan ya faru da ni, idona biyu, da rana tsaka, kuma ba a wani surƙuƙin daji ba, a tsakiyar Birmingham, cikin Turawa da 'ya'yansu.

Lokacin ban daɗe da ajiye aiki ba a wani sito na 'yan sari a Cheetham Hill, inda na ƙarar da ƙarfina wajen ɗaga kwalaye har bayana ya lanƙwashe. Bokona aji huɗu ne, na huɗun ma ban ƙarasa ba, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a zuciyarsa ya wuce. Ina zaune a Gorton gidan autana Sulaiman, direban bas, da matarsa Bilkisu da 'yarsu guda. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, shi ya sa duk gidan Ummi muke ce mata, ni kuwa tun ranar suna sunan bai taɓa fita daga bakina ba, wa zai kama sunan uwarsa gatsau? Shekararta biyar a lokacin, ko famfara ba ta fara ba, ga surutu kamar rediyo, kuma duka da Turanci.

Ana hutun makaranta Sulaiman ya same ni ya ce, "Baba, shirya, Asabar za mu kai Ummi Birmingham ta ga kifi."

Na ce, "Na kasuwar Gorton ya ƙare ne?"

Ya ce ai wannan ba na ci ba ne, na kallo ne, gida guda aka gina musu na gilashi. Na ce to madalla, duniya ta zo ƙarshe, mutum ya biya kuɗi ya kalli kifi ya fito da yunwarsa. Bilkisu ta rufe baki tana dariya ta ce, "Baba, ai kai za ka riƙa faɗa mana sunayensu." Nan ta kama ni, don ta san inda nake da girman kai.

Ni ɗan masunta ne, a bakin kogin Kwara aka haife ni, can wajen Yauri. A gidanmu akwai wata al'ada. In an isa ruwan da ba a saba shiga ba, babba zai ƙwanƙwasa gefen jirgi, ya yi wa ruwa sallama, ya faɗi sunan duk wanda ke ciki, sunan yanka ba laƙabi ba, wai don masu wurin su san baƙinsu. In an tashi tafiya a jefa goro a ce an gode. Amma yaron da bai yi famfara ba ba a ambatarsa, lulluɓe shi ake yi a yi shiru. Mahaifiyata kuwa, ita ma 'yar masunta ce gaba da baya, amma tun da na buɗe ido ban taɓa ganinta a bakin kogi ba, ko wanki sai an ɗebo mata ruwa har gida. Na taɓa tambaya, na sha mari, ban sake ba. Da na girma na zauna gaban malamai na watsar da wannan duka, na ce camfi ne, kuma har gobe haka nake cewa.

To, muka je. Gaskiya Bature ya iya ɓata lokaci da kyau. Ga kifi ja, ga shuɗi, ga wani mai zane kamar atamfa, ga wani da ko a mafarki ba zan sa shi a miya ba. Bilkisu ta nuna wani ta ce mene ne sunansa, na ce sunansa ɓarnar kuɗi. Akwai wani ɗan kwarmi a buɗe inda yara ke tsoma hannu suna taɓa kaguwa, Ummi ta tsoma ta yi ihu ta sake tsomawa. Daga nan sai aka shiga wata doguwar hanya ta gilashi da ta ratsa ƙarƙashin ruwan, ruwa dama, ruwa hagu, ruwa bisa kanka, manyan kifaye suna wucewa ta saman hularka ko sannu babu.

Sulaiman da matarsa suka yi gaba suna ɗaukar wani ƙaton kifi mai suna shak hoto. Ummi ta ja mini riga ta ce in gaishe da kifayen da Hausa, wai ta ga ko suna ji. Akwai allo a manne da hoton hannu an ja masa jan layi, wato kar a taɓa gilashi, na gani sarai. Amma jikata ta roƙa, kuma na ce a raina wannan ai ba ruwan Allah ba ne, ruwan tanki ne da inji ke juyawa an barbaɗa masa gishiri, ina ya san Kwara? Sai na gyara tsayuwa, na murtuke fuska irin ta mahaifina, na ƙwanƙwasa gilashin da zobena na ce, "Salamu alaikum masu wuri, baƙi ne." Na faɗi sunana, na faɗi na Sulaiman, na faɗi na Bilkisu. Yarinya tana tsalle tana cewa ita fa, ita fa. Wallahi wasa nake yi. Bakina ya buɗe na faɗi sunanta na yanka, sunan da ba zan rubuta muku a nan ba, ba kuma don tsoro ba, don ba ku da abin yi da shi.

Kunnuwana suka toshe, irin toshewar da suke yi in ka yi nutso ka kai ƙasa. Hayaniyar yaran Turawa ta koma can nesa. Sai wani wari ya bugi hancina, warin lakar Kwara in ruwa ya fara janyewa bayan damina, warin da rabona da shi tun ina saurayi. Na ɗaga kai, kifayen nan duk sun tsaya cak, manya da ƙanana, kowanne ya juyo da kansa wajenmu.

Daga can ƙasa wani ya taso, mai faɗi kamar tabarma, da doguwar wutsiya. Ya zo ya manna cikinsa a gilashin daidai tsayin Ummi. Duk wanda ya san irin kifin nan ya san ƙasan cikinsa kamar fuskar mutum yake, da ɗan baki kamar mai murmushi, mun ma ga ire-irensa a baya mun yi dariya. Wannan bai ba ni dariya ba. Bakin nan motsi yake yi a hankali, na Ummi ma yana motsi tare da shi.

Na ce, "Ummi." Shiru. Yarinyar da ko barci take sai ta yi magana. Ta dafa gilashin da hannu biyu, idonta a buɗe ba ƙiftawa. Na sa hannu a ƙirjinta, ba ya hawa ba ya sauka. Na taɓa kitsonta, sharkaf, ruwa na ɗiga daga jelar kitson zuwa wuyan rigarta, alhali ko ɗigo babu a ƙasan wurin. Mutane kuwa suna ta ratsa mu suna wucewa da kekunan jarirai kamar ba sa gani.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba, sai na ji goro a tafina, fari, guda, wanda na taho da shi daga Manchester. Na san abin da ake jira. Kwarmin kaguwar nan yana bayana kaɗan, in juya in jefa in ce an gode, shi ke nan, ko mahaifina abin da zai yi ke nan. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ta ɗaga. Sai wani abu ya taso mini tun daga ciki, ba tsoro ba, haushi. Na ce yau in na ba da goro, baɗi me za a nema? Ni da na yi furfura ina kai goshina ƙasa, kifin da aka kulle a kwalba Bature na ba shi abinci da cokali shi zai karɓi gaisuwa a hannuna?

Na fito da goron na nuna masa ta gilashi, ya gani da kyau. Na kai baki na gatsa, ƙaras.

Na sake ƙwanƙwasa gilashin, wannan karon da ƙarfi, na ce, "Kai, ko ke, ko ku, duk wanda ke ciki ya saurara. Wadda kuke nema ta rasu da daɗewa, a kan gadonta, a tudu, mun binne ta a busasshiyar ƙasa, ba ku same ta ba. Wannan 'yar Manchester ce, a asibiti aka haife ta, ko Hausa ba ta ji balle yarenku. Ni na kawo ta, ni zan mai da ta, kuma ko ɓawon goro ba za ku gani ba." Ina faɗa ina tauna, ina tauna ina karanta Ayatul Kursiyyu a tsakani, duk ya cakuɗe, Allah dai ya san abin da nake nufi.

Wata yarinya Baturiya mai aiki a wurin ta taho da sauri tana cewa don Allah malam a daina buga gilashi. Na ce mata da Turancina na sito, ki yi wa ɗan hayarku magana tukuna. Ta juya ta dubi ruwan, ta ga yadda kifayen suka yi sahu. Abin da na ji ta ce a hankali shi ne ba su taɓa yin haka ba.

Na sunkuya na ɗauki Ummi. Jama'a, yarinyar da nake ɗagawa da hannu ɗaya, ranar nan kamar na jawo taru cike da kifi. Gwiwoyina suka yi ƙara, bayan nan nawa na kwalaye ya ce bai san zancen ba, na ce yau ko ka karye sai mun fita. Na saɓa ta a kafaɗa ina tafiya ina kiran Ummi, Ummi, Ummi a kunnenta, don ta san sunan da za ta amsa. Inuwar abin nan tana bisa kanmu, ina taku tana bi, ban ɗaga kai ba, ban kuma daina tauna gorona ba. Na wuce Sulaiman yana cewa, "Baba lafiya? Baba ina za ka?" Na ratsa kantin da suke sayar da kifin roba, na ture ƙofa, sai ga mu a titi, iska ta buge mu.

Nan ta yi tari, ta amayo ruwa a kafaɗata. Ruwa ja, mai laka, har da 'yan tsakuwoyi. Na dangwala da yatsa na kai harshe, ku ce ƙazanta ce in kun so. Babu gishiri ko kaɗan. Ta ja numfashi, ta dube ni, ta ce ita ice cream take so.

Sulaiman ya ce lemon da ta sha a mota ne, da duhun wurin. Na ce lemon naku da tsakuwa ake yin sa? Bilkisu kuwa ta cire gyalenta tana goge kan 'yarta. Ranar da aka koma aiki suka kai ta wurin GP, likitan unguwa, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Ni kuwa tun a mota muna dawowa daga Birmingham na tambaye ta me ta gani. Tana lasar ice cream ɗinta ta ce wata mata ce, ta ce mata ta daɗe ba ta zo ba.

Sulaiman har yau cewa yake ni na tsorata yarinya na kuma kunyata su a gaban Turawa, wai in ce na yi kuskure. Ban ce ba, ba kuma zan ce ba. Sallama na yi, wanda ya mai da sallama abin ƙwace shi ne mara kunya.

Yanzu Ummi ta girma, makarantarsu na kai su koyon iyo. Na je na ce a cire ta, aka ce dole ne kowane yaro ya koya. To, duk ranar da za su ni ma ina can a benci da sandata, ina kallon ruwan yana kallona. Malamarsu ta ce ba ta taɓa ganin yarinyar da ta iya ruwa haka ba tare da an koya mata ba. Ban yi mata godiya ba.

Shawarata gare ku, ku kai 'ya'yanku su ga kifi, ban hana ba, abin kallo ne. Amma ku kalla da ido, ku bar hannunku a aljihu, kada kuma ku gabatar da yaro ga wanda bai tambaye ku sunansa ba. In kuwa an riga an yi, kar ku ba da komai, ko ƙwayar gero.

Ni dai na faɗa a majalisarmu ta bayan sallar Juma'a, na ce in masu ruwan nan suna da magana su hau jirgin ƙasa su same ni a Gorton, ba na ɓuya. Sai wani abokina mutumin Kumasi, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a ƙasar nan, ya ce, "Alhaji, ai ba sa bukatar jirgi. Tsofaffin hanyoyin ruwan nan da Turawa suka haƙa, daga Birmingham har cikin Manchester a haɗe suke."

Na ce su zo mana. Amma gadar kan hanyar ruwan da nake bi in kai Ummi makaranta, tun ranar na canza ta, muna zagayawa ta babban titi.