Malam Haladu, Mai Gyaran Banɗakin Tsofaffi

Da an idar da sallar asuba, Malam Haladu yakan ɗaure cokalin gininsa a bayan keke ya bar Kutama. Tun zamanin tsuke bakin aljihu yake gyaran banɗaki a gidajen Gwarzo da Kabo, aikin da manyan magina ke yatsina wa fuska. Bana gwiwa ta ƙi, ya jingine keken.

Magini ne mai ban haushi, in faɗa muku gaskiya. Kana zancen buhun siminti nawa za a saya, shi yana tambayar wa ya fi tsufa a gidan. A kan wannan tsohon yake tsara aikin, in wani abu ya rage a aljihu sai a yi ado.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wani malamin Islamiyya a Durun mai suna Zailani ya kira shi. Ya yi ɗan tanadinsa, burinsa a shimfiɗa tayil. Ana cikin awo Malam Haladu ya hango mahaifiyar Zailani, Inna Gwamma, a kan tabarma, leɓe a bushe, ga kofin ruwa cike a gabanta.

"Tun yaushe Inna ta rage shan ruwa?" ya tambaya.

"Ta ce ba ta jin ƙishirwa, Baba," in ji Zailani.

"Tana ji. Tsuguno ne ya gagare ta, kuma ba ta so ɗan da ta haifa ya riƙe ta a banɗaki. A haƙura da tayil ɗin nan, Malam."

Kuɗin tayil ya tafi a bututun ƙarfe na dafawa tun daga ƙofar ɗakinta, da ɗan dakalin zama a kan masai. Daɓen ma bai goge shi ba, tsintsiya ya ja a kan ɗanyen siminti don kada ya yi santsi. Ranar da ya bushe, Inna Gwamma ta dafa ƙarfe ta shiga ita kaɗai, ta fito ita kaɗai. Tana zama ta ce, "Zailani, miƙo min ruwan nan."

Waɗanda ke wurin sun ce Malam Haladu juyawa ya yi ya fuskanci bango yana hawaye. Haka matarsa Hajaratu ta riƙa ƙin shan ruwa a jinyarta ta ƙarshe. Yana can yana gyaran banɗakin mutane, bai gane ba sai da likita ya ce ƙodarta ta lalace.

Malam Haladu, kai ne mai rufa wa tsofaffi asiri a wurin da baki ke nauyin faɗa. Ba ka samu ka yi wa Hajaratu ba, sai ka yi wa iyayenmu. Mun gode, Allah ya saka, ya jiƙanta.

Ku kuma matasan magina, ku koyi tambayar nan tasa, ku fara da gidansa. Makon jiya na je gaishe shi, na dawo raina a ɓace. Banɗakinsa babu ƙarfen dafawa, kofin da ke gabansa kuwa a cike yake.