'Ya'yan Rana a Kan Zaren Sama

Tun da aka dawo da ni gida, ba na zama kusa da murhu Iya ba ta faɗo mini a rai ba. Kakarmu ce, a Dutsi. Bayan an ci tuwo takan tura kara cikin wuta, ni da Yaya Hadiza mu raɓe a jikinta tana kaɗi da mazari. In na fara gyangyaɗi sai ta dungure ni ta ce, "Uwar barci, tashi, ga ta nan tafe gare ku."

Tatsuniyar da na fi tsoro ita ce ta 'ya'yan Rana. Wai Rana ce ta aiki 'ya'yanta, 'yan tartsatsi, su gaishe da Ƙasa. A tsakani babu turba, sai zaren wata tsohuwa wanda ido ba ya gani. Ɗan Rana ba ya iya tafiya a miƙe, dole ya riƙa nannaɗe zaren yana bi, kamar yaɗon wake a jikin kara. To iska ta hargitsa zaren. Yana cikin tafiya sai ya ci karo da ƙulli, ƙullin ya wurga shi kan wani zare, wani ma ya maido shi baya. Tare suka fito, amma suka watse kamar gero ya zube a kasuwa. Kaɗan ne suka iso, su ma sai da aka fid da rai.

Yaya ta taɓa tambaya ko masu wayon ne suka iso.

"Ina fa wayo, 'yar nan," in ji Iya. "Da wanda ya iso da wanda ya ɓata, tafiyarsu iri ɗaya ce."

A sakandare malamin kimiyya ya gaya mana cewa rana da taurari suna watso wasu ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, kuma ƙarfin maganaɗisun da ke sararin sama a yamutse yake. Yana karkatar da su nan da can, har in ɗaya ta iso duniya, wajen da ta ɓullo ba ya nuna inda ta taso. Ranar murmushi kawai na yi.

Bana ni da Yaya muka bi ta Mai'adua, za mu ƙetare hamada neman aikatau. Motar da muka shiga ta mutu a cikin rairayi. Da ruwa ya ƙare mutane suka fara tashi, kowa yana bin sawun da ya gani, sawun ya kai shi kan wani sawun. Muna tafe tare guguwa ta taso. Da ta lafa, babu Yaya. Ni wasu masu raƙuma ne suka tsince ni.

Mahaifiyarmu, Inna, ta karɓo kiranye wajen malam. Kowace asuba za ta sa baki a cikin tulu ta kira sunan Yaya, amma malamin ya ce sai ta fuskanci wajen da Yaya ta ɓata. Shi ya sa kullum take zaunar da ni tana lallashi.

"Ke da Allah ya fid da, nuna mini. Gabas ko yamma?"

Na so in ce ban sani ba. Na so in ce dawowata ba sanin hanya ba ce, jefo ni kawai aka yi. Amma na dubi fuskarta, na ɗaga hannu na nuna arewa.

Can take fuskanta har yau.